Yadda Surukata Ta Koya Mini Taɓa Mutum

Mama ta rasu da hantsi, ranar wata Talata. Kafin azahar tsakar gidanmu da ke unguwar Television a Kaduna ya cika har waje. Matan zumunta na cocinmu ne suka fara zuwa, suka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, suka kama waƙa a hankali. Sai tsofaffin ma'aikatan masaƙa daga Kakuri, wasunsu ma ban san suna da rai ba, wannan da sanda, wancan da tabarau mai kauri. Suka jeru a kan benci suna tuna wa juna cewa ita ce ta ɗaure wa wane hannu ranar da inji ya kama shi.

Can sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar gida, wata Hajiya daga Makera ta sauko da ƙyar, mata biyu na tallafe da ita. Sai da ta iso tsakiyar gida ta tsaya, ta dubi ƙofar ɗakin Mama, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu wa zai riƙe mini wuya?" Matan zumunta suka dubi juna. Wasu sun ɗauka ruɗewar tsufa ce.

Wata mata kuma daga Trikania, mai sayar da gawayi, ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ratsa mutane ta wuce ɗakin baya inda Mama ke koyarwa, ta jawo tabarma kusa da ƙofa, ta kwanta rigingine idonta a buɗe. Ƙanin Mama da ya iso daga ƙauye ya leƙa, ya ce a kawo ruwa, wata ta suma. Na ce masa, "Kawu, a bar ta. Gaisuwarta ke nan."

Ni kuwa ina zaune a bakin kicin. Ni suruka ce, matar ɗanta da ya rasu tuntuni, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Masu gaisuwa sukan fara da 'yan'uwanta na jini da ke zaune a kan kujerun roba, in sun juyo za su fita su ce mini, "Sai haƙuri," su wuce. Ban ga laifinsu ba. Ba su san shekara goma sha ɗaya mu biyu kaɗai ne a gidan nan ba, tukunya ɗaya, rediyo ɗaya.

Da aka buga takardar jana'iza na karanta ta tsaf. An rubuta cewa ta yi aikin jinya, ta yi ritaya, ta haifi biyu, ta yi hidima a coci. Duk gaskiya ne. Amma babu ko layi ɗaya a kan ɗakin baya, inda ta kwashe rabin rayuwarta. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, tun ban manta yadda take magana ba.

Mama ta yi aiki a kilinik na wata masaƙa a Kakuri, lokacin da unguwar ke tashi da jiniya ta kwanta da jiniya. Ta ce mini yawancin masu zuwa wurinta ciwon baya ne da wuya, saboda tsayuwa a gaban inji daga safe har yamma. Ana ba su ƙwaya, bayan sati biyu su dawo. Akwai wata Ba'indiya, matar wani injiniya, da takan zo kilinik ta taya su aiki. Ita ce ta nuna wa Mama wani irin yoga wanda ba a tsalle, ba a tsayuwa da kai. Kwanciya ce kawai, a tokare wa mutum jiki da filo da bargo ta ko'ina, a bar shi ya daɗe a haka har jikin ya saki da kansa. Da masaƙar ta rufe, Ba'indiyar ta koma ƙasarsu, ta bar mata wani littafi mai hotuna da bargo biyu. Mama ta share ɗakin baya, ta sa tela ya ɗinka mata dogayen filalluka da ragowar atamfa, ta cika su da audugar rimi. Ba ta cika kiran abin yoga ba. Takan ce, "Ku zo mu huta." Mutanen unguwa kuma suna cewa ajin Mama.

Mijina ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kachia, muna shekara shida da aure. Bayan an share makoki yayata ta zo daga Sabon Tasha za ta tafi da ni. Mama ta ce mata, "Ku bar mini ita wata ɗaya." A lokacin ba na iya kwanciya. Da na miƙe a gado sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, sai dai in jingina da bango in ɗan gyangyaɗa a zaune. Ban faɗa wa kowa ba. Wata rana da la'asar ina tsince shinkafa, ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallona, sai ta ce, "Amarya, ajiye tiren nan." Amarya take kirana tun ranar da aka kawo ni, ba ta kuma sauya ba har ta bar duniya.

Ta kai ni ɗakin baya. Ta jingina dogon filo a kan wani, ya zama gangara, ta ce in kishingiɗa. Ta naɗe bargo ta sa a ƙarƙashin gwiwoyina, ta sa ƙananan filo biyu a ƙarƙashin hannuwana. Ta ce, "In taɓa ki?" Na ɗaga kai. Na ji tana murza tafukanta, sannan ta zura su ƙarƙashin ƙeyata, ta ɗan ja kaina kaɗan ta ajiye. Ban san lokacin da na fara kuka ba, ban kuma san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka rana ta kusa faɗuwa, tana zaune a gefena a ƙasa tana tsince shinkafar da na bari. Sai daga baya na yi tunanin cewa ita ma ɗanta ne ya mutu, ɗanta namiji tilo, kuma ban taɓa tambayarta ko tana barci ba.

Wata ɗaya ya wuce, ba wanda ya ta da maganar tafiya. Haka na fara taya ta.

Wata uku na farko ba ta bari na taɓa kowa ba. Aikina ɗaukar filo, shanya bargo, da tsayuwa a bayanta ina kallo. Ajin na Talata da Juma'a ne da safe, mata takwas, wani lokaci goma, yawancinsu sun manyanta. In kowa ta kwanta, sai ta raɗa mini, "Dubi waccan. Ina ne jikinta bai sami abin dogara ba?" In duba in duba in ce ban gani ba. Sai ta nuna mini da haɓa: ga wuyan hannu a rataye, ga gwiwa tana rawa kaɗan-kaɗan, ga haɓa ta ɗaga sama. Ta ce duk inda ka ga rata tsakanin jiki da ƙasa, to a nan mutum yake riƙe da kansa, kuma muddin yana riƙe da kansa ba zai huta ba. "Ba a danna mutum ya kai ƙasa," in ji ta. "Ƙasar ake ɗago masa."

Da ta ga idona ya fara buɗewa, sai ta koma kan hannu. Ta cika ƙwarya da ruwa fal, ta ajiye a kan tabarma, ta ce in durƙusa in ɗaga ta da hannu biyu, in matsar da ita kaɗan, in ajiye, kada ɗigo ɗaya ya zuba. Na yi sati biyu ina jiƙa tabarma. Ta ce haka kan mutum yake, kuma mai kan yana jin duk rawar da hannunka ya yi. Sannan ta kwanta ta ce in gwada danna mata kafaɗu. Na danna. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Amarya, tuwo kike tuƙawa?" Na sassauta. Ta ce, "Yanzu kuma ƙuda ne ya sauka a kaina? In za ki taɓa, ki taɓa. Hannu mai shakka ya fi hannu mai nauyi firgita mutum."

Ka'idojinta ba su da yawa, amma ba ta sassauci a kansu. A murza hannu ya yi ɗumi. A taka ƙasa yadda mai kwanciya za ta ji zuwanka. A jira ta saki numfashi kafin a sa nauyi. In za a ɗauke hannu, a ɗauke shi a hankali fiye da yadda aka sa shi, don ta ce ɗauke hannu farat ɗaya kamar a bar mutum ne a tsakiyar magana. In wata ta fashe da kuka, kada a tambaye ta dalili, a ajiye mata hankici kusa da hannu a matsa. Akwai kuma wani kwano da ta cika da tsakuwa a bakin ƙofa. Duk wadda ba ta son a taɓa ta ranar, sai ta ɗauki ɗaya ta ajiye a gefen tabarmarta, shi ke nan, ba tambaya.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka Mama mace ce mai taushin baki. Hannunta ne mai taushi. Bakinta kuwa kamar reza. Ba ta iya cewa sannu ba, ba ta iya ba da haƙuri ba. In miya ta yi daɗi sai dai ka ga ta ƙara, in gishiri ya yi yawa kuwa har maƙwabta sai sun ji.

Wani dattijon cocinmu ya taɓa zuwa bincike, don an kai ƙara cewa Mama na koya wa mata sujada ga gumakan Indiya. Ya zo ranar Juma'a ana tsakiyar aji, da Littafi Mai Tsarki a hammata. Mama ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baba, cire takalmi ka shiga ka gani, amma kada ka yi tari." Ya leƙa. Mata tara a kwance, an lulluɓe su da barguna, biyu na minshari. Ya daɗe yana dubawa ko zai ga wani gunki a lungu. Da suka fito ya ce, "Ai wannan barci ne kawai." Ta ce, "To, in barci zunubi ne, ka fara da masu yinsa lokacin wa'azi, ka san layin da suke zama." Ya sa takalminsa ya tafi. Bayan wata biyu matarsa ta fara zuwa, ta ƙofar baya.

Hajiya ta Makera kuwa tun zamanin masaƙa suka san juna, lokacin tana kawo wa ma'aikata abinci. Wuyanta ya lalace da ɗaukar kaya. Da Alhajinta ya rasu ta shiga takaba, ba fita. Mama ba ta yi shawara da kowa ba. Kowace Laraba sai ta ɗaure filo biyu da bargo a cikin zani, mu tari keke zuwa Makera. Wata huɗu da kwana goma ba mu fasa ko sau ɗaya ba, har ranar da aka yi ruwan da ya cika kwalbatoci. Mukan tarar da ita a kan sallaya, mu zauna mu jira ta idar. A ɗakin nan ne Mama ta fara barina in riƙe kan mutum. Hajiya ta ce, "Ke Maman yara, wannan 'yar taki hannunta sanyi." Mama ta ce, "Tsoro ne. Zai wuce." Ba ta gyara mata ta ce suruka ce ba. Na lura da haka, na kuma riƙe shi a raina.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma a kan matar Trikania ne.

Matar nan kullum kusa da ƙofa take kwanciya, kullum idonta a buɗe, kullum da tsakuwa a gefen tabarmarta. A lokacin na shekara biyu ina taya Mama, mata sun fara cewa hannuna ya faɗa, kaina kuma ya fara girma. Wata Talata aka buga ƙofar gida, Mama ta fita dubawa. Na hango wuyan matar a karkace, filon ya zame. Na ga tsakuwar, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ce a raina ai gyara ne kawai, in ta ji daɗinsa ma za ta daina ajiye tsakuwar, Mama ta dawo ta ga abin da ita ta kasa na yi. Na lallaɓa ta bayan kanta, na zura hannu ƙarƙashin ƙeyarta.

Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Ta zabura ta kai mini duka a baki, ta yi waje a guje ba takalmi, ɗankwalinta a ƙasa. Sauran matan suka tashi a firgice, wata na salati, wata na kiran Yesu. Mama ta shigo, ta dubi tabarmar, ta dubi tsakuwar, ta dube ni. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya ta sake kwantar da su, ta ƙarasa ajin kamar ba abin da ya faru.

Sai da kowa ya watse ta rufe ƙofa. Ta gaya mini cewa a rikicin da ya raba garin nan biyu, ta baya aka cafke matar, a gaban 'ya'yanta, kuma shekara guda ita Mama ta yi tana lallashinta kafin ta yarda ta shigo ɗakin.

Leɓena a kumbure, na ce, "To me ya sa ba ki gaya mini ba? Da na sani ai ba zan taɓa ta ba."

Ta ce, "Sirrinta ne, ba nawa ba. Tsakuwar ta gaya miki duk abin da kike bukatar sani."

"Taimakonta na so yi."

"Ƙarya ne. Hannunki ne ke son a yaba masa."

Maganar ta soke ni don gaskiya ce. Sai na ɗauko wadda na san za ta soke ta. Na ce, "Dama ni ba 'yarki ba ce. 'Yar aiki kika samu, ɗanki ya mutu ya bar miki." Ta tsaya da bargo a hannu. Ta ci gaba da ninke bargon. Ranar na haɗa kayana na tafi gidan yayata a Sabon Tasha.

Sati uku ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba. Gidan yayata cike yake da mutane da hayaniya, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Ran nan da rana tsaka ina wanki, sai ga Mama a ƙofa, gumi ya jiƙa mata riga, da baƙar leda a hannu. Ta gaisa da yayata, ta ƙi zama. Ta miƙo mini ledar. Silifas ɗin matar ne da ɗankwalinta, an wanke an goge. Ta ce, "Tashi ki kai mata kayanta. Ni ba ni na kore ta ba."

Tare muka je Trikania. Muka same ta a bakin titi tana auna gawayi a gwangwani. Mama ta tsaya nesa. Na durƙusa a gabanta cikin baƙin ƙasar nan, na ce na ga tsakuwar, na kuma taɓa ta da sanina, ta yafe mini. Ta karɓi ledar ta leƙa, ta ajiye a gefe. Ta ce, "Na ji." Shi ke nan abin da ta ce. A hanyar dawowa kekenmu ya wuce mahaɗar da zan sauka in koma Sabon Tasha, ban ce a tsaya ba, Mama ma ba ta ce ba. Da muka isa gida na tarar ta ajiye mini tuwo a kula tun safe. Ban ba ta haƙuri a kan maganar da na faɗa ba, ita ma ba ta ta da ita ba har abada. Wannan na cikin abubuwan da ke damuna yanzu.

Matar ta kusa shekara kafin ta dawo. Da ta dawo ta ci gaba da ajiye tsakuwarta. Can bayan shekaru ta yarda Mama ta riƙa riƙe mata tafin ƙafa, daga gaba, inda take ganinta. Ni kuwa har yau ban sake taɓa ta ba, ba ta kuma ce in taɓa ba.

Ciwon Mama na zuciya ne. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta daina iya kwanciya a miƙe. A watannin ƙarshe ni nake koyarwa, ita tana zaune a kujera a lungu tana nuna mini da haɓa duk inda na bar rata. Daga baya ko ɗakin bayan ba ta iya zuwa. Na kwaso filallukan na kawo ɗakinta, na riƙa gina mata gangara a kan gado, in tokare hannuwa, in ɗaga ƙafafu. Kullum sai ta sami abin gyara. Wannan ya yi tudu, wancan ya yi laushi, bargon yana warin kafur.

Ana saura kwana huɗu ta rasu, da safe bayan na shafe mata jiki, na riƙe kanta na ɗan ja na ajiye, na zare hannuna a hankali. Na ɗauka ta yi barci. Sai ta ce, idonta a rufe, "Kin daina sauri." A shekara goma sha ɗaya wannan ne yabon da na samu daga bakinta. Na fita bayan gida na tsaya a gindin mangwaro har sai da fuskata ta bushe.

A ƙauyensu aka binne ta, can gaba da Kachia, kusa da mijinta da ɗanta. Da muka dawo Kaduna kowa ya kama gabansa, aka mayar da kujerun haya, gida ya yi tsit. Mutum ɗaya ce ta rage, 'yar Mama, ƙanwar mijina, wadda ke aure a Fatakwal. Ta ce za ta yi kwana uku ta raba kayan uwarta.

Tsakaninta da Mama ba daɗi sosai. Tana budurwa lokacin da ake tsegumin gumaka a coci, ƙawayenta suna mata dariya, ta tsani ɗakin bayan tun daga nan. Ko ta zo hutu ba ta leƙa shi. Mama kuma, da bakinta, ba ta taɓa lallashinta ba. A wurin jana'iza ban ga hawayenta ba. Ita ce mai lissafin abinci, mai kiran direba, mai faɗa da masu hayar kanofi.

Rana ta biyu da yamma na same ta a ɗakin baya tana cusa barguna a buhu, wai za a kai gidan marayu. Na tsaya a ƙofa. Na ce, "Ranar Juma'a akwai aji."

Ta ce, "Anti, wane aji kuma? Mai ajin ta tafi."

Gidan nasu ne, kayan ma nasu ne. Ta sunkuya za ta ɗaga buhun, sai na ga ta dafe ƙugu ta cije leɓe. Ta ce tun a mota bayanta ya riƙe, kwana biyar ba ta yi barcin kirki ba. Na ce ta ba ni minti goma, in bai yi mata ba ta ci gaba da ɗaure kayanta. Ta yi tsaki, amma ta zauna a tabarma.

Na zaro bargo biyu daga buhun. Na kwantar da ita a gefe, filo tsakanin gwiwoyi, wani ta rungume, na tokare mata baya. Na nemi izini, ta ce, "Yi kawai." Na ɗora tafina a tsakiyar bayanta, na jira. Jikinta kamar katako. Mun daɗe a haka, ina jin masu keke suna ta hon a titi. Can na ji bayan ya sauka a ƙarƙashin hannuna, sai kafaɗunta suka fara girgiza. Na ajiye mata hankici na matsa gefe.

Da ta nutsu, ba ta juyo ba, ta ce, "Haka take yi muku?"

Na ce, "Haka."

"Kullum?"

"Talata da Juma'a."

Ta ce, "Ni ba ta taɓa yi mini ba. Sau biyu ta ce in zo in kwanta, na ce mata ba na so." Ta ja hanci. "Hannunta haka yake, irin naki?"

Na so in ce mata e, don ta samu abin riƙewa. Amma Mama ba ta son ƙarya a ɗakin nan. Na ce, "A'a. Nata ya fi faɗi, ya fi ɗumi. In ta ɗora miki shi sai ki ji kamar ba ta da wani wurin zuwa a duniya."

Ta ce, "To ki ƙara ɗora naki."

Na ɗora.

Washegari da sassafe na raka ta tasha. Ta bar bargunan, ta zazzage buhun da kanta ta jera su yadda ta same su. Filo ɗaya kawai ta ɗauka, wani tsoho mai atamfa ruwan ƙasa, ta ƙi sa shi a but ɗin mota, ta rungume shi a cinya. Motar ta tashi, na tsaya har ta sha kwana.

Na dawo gida na buɗe ƙofa, ba wanda zan ce wa na dawo. Na ɗora ruwan shayi, na zauna a bakin kicin ina jira ya tafasa. Gobe Juma'a. Ban san mata nawa za su zo ba, ban kuma san wa zai nuna mini inda na bar rata ba.

Mama, Ubangiji ya ba ki hutawa. Kin hutar da mutane da yawa.